Sojojin Dalma da Dawakin Laka

Akwai wani abin sha'awa da ya shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, musamman masu samari 'yan sakandare, nan Makka da Jidda, da kuma wajen 'yan uwanmu na Ingila da Amurka. Yaro zai sayo kwali, ya buɗe, sai ga 'yan mitsi-mitsin gaɓoɓin roba masu ruwan toka: hannu daban, kai daban, takobi daban. Ya yanyanke su, ya manna da gam, sai ga soja tsaye wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, milimita 28 zuwa 32. Daga nan ya ɗauko buroshi mai baki kamar allura ya duƙufa shafa fenti, wani lokacin soja guda ya cinye masa yammaci ɗungurungum. In runduna ta cika sai a jera ta a kan tebur, abokinsa ya jero tasa, a ɗauko abin awo da ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, a gwabza.

Tambaya biyu iyaye mata ke yi. Ta farko ni ake kawo wa, da yake aikin jinya nake yi: "Anti, fentin nan ba ya cutarwa?" Ta biyu ta malamai ce: wannan ba gunki ba ne, kuma a garin Makka? Duka zan taɓo su. Amma akwai ta uku wadda ba a cika yi ba, ita ce kuwa ta fi tsaya mini a rai: sojan wa yaron yake yi wa fenti, kuma wa ya zaɓa masa shi?

Tsofaffin sojojin tebur da har yau ake wasa da su, 'ya'yan shaɗaranji ne. A Indiya wasan ya fito wajen ƙarni na 6, da suna caturanga, wato runduna mai sassa huɗu: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Ya shiga Farisa, daga can Larabawa suka ɗauke shi bayan Musulunci ya shiga ƙasar a ƙarni na 7. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa har gwanaye aka yi, irin su al-Adli da as-Suli wanda ya rasu a 946, suka rubuta littattafai a kansa. Abin lura shi ne yadda 'ya'yan wasan suka rasa fuska a hannun Musulmi. Cikin waɗanda aka tono a Naisabur, na ƙarni na 9, giwa ta koma ɗan dunƙule mai ƙululu biyu a gaba a madadin haure, doki kuma ƙululu ɗaya a madadin kai. Masana da yawa suna danganta wannan da gudun yin sura, wasu kuma suna cewa dunƙulen ya fi sauƙin sassaƙa, ya fi araha.

Wasan ya iso har Barno. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya rubuta yadda ake buga shi a can da sunan tsatsarandi, kuma 'ya'yan sun sami sarautun gida: sarkin shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama. Kun ga, Barebari da suka karɓi rundunar baƙi, sai da suka naɗa mata rawaninsu. Mu Hausawa dara muka riƙe, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, ba fuska ba fenti.

To, maganar gunki. Ba mazaunin garin nan da zai ɗauke ta da wasa. A shekara ta 8 bayan Hijira, wato 630, aka kakkarya gumaka 360 da ke kewaye da Ka'aba, hadisan gargaɗi a kan sura kuma sanannu ne. Amma a cikin littattafan hadisin nan dai akwai labarin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da 'yan tsananta. Abu Dawuda ya kawo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga wata tafiyar yaƙi, iska ta yaye labule, ya ga kayan wasanta, ciki har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaya, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, sai ya yi dariya. Buhari da Muslim kuma sun kawo yadda matan Madina ke yi wa yara abin wasa da ulu don su shagala su kai azumin Ashura. A kan irin waɗannan malamai da yawa suka ware kayan wasan yara daga hanin. Inda suka saɓa shi ne abu mai cikakkiyar sura, da wanda ya wuce ƙuruciya, da abin da ake jerawa a kanta don ado. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da ido ya gani dai, ƙasar ta sauya: a Fabrairun 2017 aka yi taron Comic Con na farko a Jidda, a Disambar shekarar kuma Riyad ta karɓi gasar duniya ta shaɗaranjin gaggawa.

Mu da muka tashi a gida ba mu jira kwali ba. Da damina ta sauka, yara maza suna bakin kududdufi suna kwaɓa laka: sa mai tozo, raƙumi, doki da mahayinsa. Tsinke ne mashi, marfin kwalba garkuwa. A shanya a rana, mai wayo ya faki idon uwarsa ya tura nasa cikin murhu don ya yi ƙwari. Fentin kuwa farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi, da bular wanki in an samu an sata. Mu mata 'yar tsana ce tamu, ta kara ko ta ƙashi, mu ɗaura mata zane da ragowar yadin tela, har biki muke yi mata. Mahayin da yaron nan ke kwaikwayo ba a littafi ya gan shi ba, ranar hawan Sallah ya wuce ta gabansa, ƙurar dokinsa ta shiga masa ido. Illar dokin laka ɗaya ce: ruwan sama guda ya mai da shi inda ya fito. Shi ya sa in an zo ba da tarihin sojojin wasa, na masu ƙarfe ake bayarwa.

Na ƙarfen a Jamus suka bunƙasa. A birnin Nuremberg, daga shekarun 1770, iyalin Hilpert suka riƙa zuba 'yan mutum-mutumai na kuza, shafaffu kamar kwabo, a cikin gurbin da aka sassaƙa a jikin dutse. Ernst Heinrichsen ya buɗe nasa kamfanin a 1839, shi ne kuma ya daidaita tsawon soja a wajen milimita 30 har sauran maƙera suka bi. Masu shafa fentin galibi mata ne da yara a cikin gidajensu, ana biyan su gwargwadon abin da suka gama, kamar dai yadda matan aure a Kano ke karɓar ɗinkin hula. Ba a rubuta sunansu a kwali. A fadar Plassenburg da ke garin Kulmbach akwai gidan tarihi mai irin waɗannan sojoji sama da 300,000.

Shi kuwa yaƙin tebur mai ƙa'ida, ba don yara aka ƙago shi ba. A 1812 wani mai suna von Reisswitz ya kai wa Sarkin Furushiya, Friedrich Wilhelm na 3, wani tebur na musamman da ake shirya fagen fama a kansa. Ɗansa, hafsa a rundunar igwa, ya gyara wasan a 1824: taswirar gaske, 'yan tubala ja da shuɗi a madadin bataliyoyi, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin komai, ɓangarorin biyu suna aiko masa da umarni a rubuce. Shugaban hafsoshi, Janar von Müffling, ya gani ya ce a koya wa runduna. Da Furushiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai kowace ƙasa ta ce ita ma a ba ta. Wanda ya shirya wa sojan Ingila nasu a 1872 wani kyaftin ne, Evelyn Baring. Shi ne daga baya ya zama Lord Cromer, wanda ya juya Masar daga 1883 zuwa 1907, a zamaninsa kuma aka ci Sudan.

Abin da ya kai sojan wasa hannun talaka dabarar wani Bature ce a Landan. A 1893 kamfanin William Britain ya fara zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a tsiyaye ta tsakiya kafin ta daskare, sai soja ya fito da ciki fayau. Dalma kaɗan, kuɗi kaɗan, tsawo milimita 54. A nan ma mata ne jere a benci suna fenti. Yaron Landan yana buɗe kwali ya tarar an riga an raba masa duniya: ga masu jar riga sahu-sahu, ga Zulu da mashi a guje, ga Larabawan sahara, ga kuma baƙaƙen da suka shiga aikin Bature, sojan raƙuma na Masar da dakarun Sudan. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya fitar da ɗan littafinsa Little Wars, ƙa'idojin yaƙi da waɗannan sojoji a tsakar ɗaki, ana harbin su da 'yar igwar wasa mai cilla guntun katako. A bangon littafin ya nuna na yara maza ne, sai kuma 'yan matan da suka fi saura kaifin basira. Mun gode, Malam Wells. Fatansa shi ne masu son yaƙi su huce a kan sojan dalma su bar 'ya'yan mutane. Shekara guda bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Shekara goma cif bayan sojan dalma na farko na kamfanin Britain, aka yi na gasken a ƙasarmu. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwar Kano da sojan da ba su kai dubu ba, amma da igwa da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim, suka shiga ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. A ƙarshen watan mahayan Kano suka yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi. Ran 15 ga Maris aka yi na Giginya, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa. A Burmi aka tsare shi, ran 27 ga Yuli 1903, nan ya kwanta tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Ba kowa ne ya tsaya a nan ba. Hanyar alhazai ta ƙasa ta riga Burmi da ɗaruruwan shekaru, ta Barno, Wadai, Darfur, zuwa Sawakin, a haye Bahar Maliya a sauka Jidda. Amma bayan 1903 ta cika maƙil da waɗanda ba su da niyyar komawa. Wasu sun yi shekaru a hanya suna ƙwadago, daga baya har a gonakin audugar Jazira. Duk wanda ya san Shari Mansur da Misfala da Jarwal ya san jikokinsu. Sunan Hausawi da kuke gani a bayan rigar 'yan ƙwallo, irin su Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya ja ragamar tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga irin wannan tafiya ya samo asali. Wato yaron da ke zaune a garin nan yana yi wa sojan Napoleon fenti, ta yiwu kakan kakansa ya ga Burmi da idonsa.

Irin wasan da yaranmu ke yi yanzu jikan na Wells ne. A Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a 1971, ƙa'idar yaƙin zamanin takobi, suka ƙara masa dodanni da matsafa a ƙarshe. Daga nan Dungeons & Dragons ya fito a 1974, inda kowa ke riƙe da mutum guda maimakon runduna. A Ingila aka kafa Games Workshop a 1975, reshensa na zuba sojoji, Citadel, a 1979, sai Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, wanda shi ne mafi yawan samarinmu ke bi. Cibiyar kamfanin tana Nottingham, kuma a Disambar 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Da 'yan sojan roba fa! Duk uwar da ta taɓa biyan kuɗin kwali guda ba za ta yi mamaki ba.

Babban bambancin da zamanin Britain shi ne yanzu tsirara ake sayar da sojan, fentin ya dawo hannun mai saye. Aikin kuma yana da tsari. A fara fesa shimfiɗa, baƙa ko fara, don fenti ya kama. A bi da launin tushe, tsararo-tsararo, shafi biyu ko uku, don mai kauri yana cike ƙananan zane. Sai a zuba wani ruwan fenti mai duhu ya gangara cikin lunguna ya fito da inuwa. Sai a goge buroshi har ya kusa bushewa a shafa sama-sama, tudun ya yi haske. Ido ne ƙarshe, shi ne kuma mai sa yaro ya riƙe numfashi. Tun 1987 ake gasar gwanaye mai suna Golden Demon, zakara ya tafi da takobi na gaske. Ni da nake neman jijiya a hannun jariri da tsakar dare, ba zan raina tsayuwar hannun da aikin nan ke koyarwa ba.

Ga amsar tambayar da ake kawo mini. Fentin ruwa da ake sayarwa don wannan aiki ba shi ne abin tsoro ba, sai dai a hana yaro ɗabi'ar lasar bakin buroshi don ya yi tsini, domin wasu fentin masu zane na kwali suna ɗauke da sinadarai masu guba. Na fesawa a yi shi a waje ko a kan rufi, ba a ɗaki mai na'urar sanyi a rufe ba, balle in akwai mai asma. Wuƙar yanka roba da 'yan gutsattsarin a nisanta su daga ƙannen da ba su kai shekara 3 ba, sun isa su shaƙe yaro. Abin da na fi jaddadawa shi ne tsofaffin sojan ƙarfe da ake saye na hannu. Kamfanin Britain ya daina na dalma a 1966, masu zuba sojan yaƙin tebur kuwa sai a shekarun 1990 yawancinsu suka bar ta. In ya shigo gida, kada a goge shi da fayil, kada ya je baki, a wanke hannu kafin cin abinci. Mu ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira lafiya lau. Wannan ya haɗa da kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai, amma wannan maganar wata rana ce.

Mu koma kan tambaya ta uku. Mai fentin soja dole ya yi bincike, abin da ya fi burge ni a harkar ke nan. Yaron da ke haɗa rundunar Faransa ta 1815 zai gaya miki launin maɓallin kowace bataliya. Ki tambaye shi mene ne lifidi, sai ya ɗaga kafaɗa. Laifin ba nasa ba ne, abin da ke cikin kwali shi yake bincikawa. Akwai dai abin da ya matso kusa da mu. Tagwayen nan Alan da Michael Perry na Nottingham suna da kwalin Ansar na Mahadin Sudan, na shekarun 1881 zuwa 1885, kuma wannan tarihin ya shafe mu, tun da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a daga Adamawa. Doki doki ne, mai mashi mai mashi ne. Masu wannan harka sun saba gyara soja da wani ƙullu mai daskarewa, su ƙara masa riga ko rawani. Da shi za a iya mai da mahayin Sudan ɗan lifidan Kano.

Abin dubawa ba ya wuya. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826 yana da zanen mahayan Barno da Bagarmi cikin kayan yaƙi. Joseph Smaldone ya yi littafi guda a 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato. Gidan Makama yana nan ga wanda ya je hutu, bidiyon Hawan Daushe kuma cike yake da waya, hawan da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a Disambar 2024. A nan yaro zai ga jalala da likkafa da linzami, da ja da koren rigar dogarai, da gashin jimina a kan kwalkwali.

In ya shiga binciken sosai zai ci karo da abin da ba daɗi, kuma gara ya ci karo da shi. 'Yan lifida da yawa bayin sarki ne, dawakin nan kuma ba jihadi kaɗai suka yi ba, sun yi harin kamun bayi. Sojan da suka harba bindiga a Kano da Burmi, hafsoshin ne kawai Turawa. Sauran 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da wasunsu, jar dara a ka, ƙafa ba takalmi, tsatson rundunar nan da Glover ya fara tarawa a Legas a 1863 wadda ake kira da sunan Hausawa. Duk wanda zai jera Kano ta 1903 a kan tebur, Bahaushe zai yi wa fenti a ɓangarorin biyu.

Ga wanda zai gwada, lifidi ba ƙarfe ba ne, kada a ba shi sheƙi. Yadi ne aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke gida-gida, ya rufe doki har gwiwa, saboda haka ruwan fenti mai duhu ya bi layin ɗinkin, tudun kowane gida ya sami haske. Fatar sirdi da kube ja ce ta karan dafi, mai ɗan duhu, ba jan tumatir ba. Rawanin ɗan Kura shi ya fi wuya. Shuɗinsa na baba ne da aka tsoma aka sake tsomawa har ya kusa komawa baƙi, sannan masu bugu suka dake shi a kan gungume har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, da ɗan ja-ja in rana ta doke shi. Sai an fara da baƙi, a bi da shuɗi mai duhu da ɗigon shunayya a kan naɗin, a rufe da man sheƙi a kan rawanin kaɗai. A bar ɗan shuɗi kaɗan a goshin mahayin da gefen kumatunsa, domin baba yana zuba a fata.